Inda Ake Yi wa Kawu Shafi'i Musu

Kawuna Shafi'i mutum ne mai son musu. Ban faɗi haka don in rage masa daraja ba, shi kansa ya sani, kuma da za ka faɗa masa haka sai ya musa. Yayan mahaifiyata ne, mutumin Tudun Gawo a ƙasar Bagwai, inda gona ke manne da gona har ba ka gane iyakar ta wane sai ka ga layin gamba. Tun yana saurayi yake aikin malamin gona, da jan babur ɗinsa da hular kwanon da bai taɓa ɗaure igiyarta ba. Manoman rani na bakin dam ɗin Watari duk sun san shi. Ya yi musu da su a kan tazarar shuka, a kan taki, a kan lokacin ban ruwa. Su ce masa ɗan boko bai san ƙasa ba, ya ce musu taurin kai ne gadonsu, in an gama kuma su ɗaure masa albasa a bayan babur.

Hawan jinin ido ne ya kama shi. Ciwon ya fara cin ganinsa ta gefe-gefe, aka yi ta zaryar asibiti a Kano ana ɗiga magani, har dai wata rana ya ce da matarsa, Inna Kulu, ta daina kunna masa fitila domin asarar batir ce. Ya ajiye aiki ya dawo gida. Bai yi raki ba. Ya koyi hanyar masallaci da sanda, ya koyi ɓarar gyaɗa da tsince iri da yatsu, har gonarsa yake zuwa ya shafa ganyen dawa ya ce a ƙara taki ko a bari.

Abin da ya kusa karya shi wani abu ne daban, kuma ba wanda ya lura da shi sai shi. Mutane sun daina yi masa musu. Majalisar ƙofar masallaci, wadda a da in ya buɗe baki mutum biyu uku ke tare shi, ta koma duk abin da ya faɗa sai a ce, “Haka ne, Malam, Allah ya ƙara lafiya.” Ya gaya mini wata rana ya gwada su da gangan. Ya ce ai gyaɗa ta fi kyau a laka mai riƙe ruwa, maganar da ko ƙaramin yaro a ƙauyen ya san shirme ce, domin gyaɗa jigawa take so. Sai wani ya ce, “Haka ne, Malam.” Kawu ya lalubi sandarsa ya shige gida, ranar ko abincin rana bai ci ba. Da yake ba ni labarin ya ce, “Sa'adiyya, sun yi mini jana'iza ina zaune a tsakiyarsu.” Na daɗe ban ji maganar da ta tsaya mini a rai kamar wannan ba.

Wuri ɗaya ne ya rage masa a duniya inda ake ce masa bai iya ba, kuma wurin a cikin kwamfuta yake. Sunansa Zauren Damina da Rani, wani dandalin tattaunawa ne a intanet da wasu malamai da 'yan kasuwar hatsi suka kafa tun zamanin da sai an je kafe, shagon intanet, ake duba saƙo. Ana magana a kan noma da kiwo da ajiyar amfanin gona, ana kuma faɗa sosai. Kawu ya shiga tun yana gani, da wata laftof mai nauyin tsiya da ya saya a hannun wani abokin aikinsa. Da ido ya fara tafiya, wannan abokin ne ya sa masa manhajar da ke karanta rubutu da murya. A zauren ba wanda ya san ya makance. Ni ma da na shiga daga baya, lokacin na fara koyarwa a wata sakandaren 'yan mata a Kano, sai da ya sa na yi masa alkawari ba zan faɗa ba, ba kuma zan nuna na san shi ba.

Zauren ƙofa biyu gare shi. Ni da kusan kowa ta burauza muke shiga, wato manhajar buɗe shafukan intanet, a waya. Ka buɗe shafi ka ga batutuwan da ake yi a jere, wanda aka yi magana a kansa na ƙarshe shi ne a sama. Akwai hotuna, akwai talla a gefe, akwai alamar babban yatsa da za ka danna in magana ta burge ka. Amma sai da sabis, in ya ɗauke kana tsakiyar rubutu sai dai haƙuri. Kuma abin da ya sauka daga shafin farko ya tafi ke nan, ba mai bin sa.

Kawu kuwa ta tsohuwar ƙofa yake shiga, da wata manhajar karanta saƙonnin zauruka da ta girmi ɗalibaina, wadda ya sa wa suna ɗan aike. Shi ɗan aike ba ya buɗe shafi. In ya samu sabis, ko mai rauni ne, sai ya kwaso duk sababbin saƙonni, rubutu zalla, ya zuba a cikin kwamfutar, ya kuma miƙa amsoshin da Kawu ya rubuta ya ajiye. Daga nan ba ruwansa da sabis. Kowane saƙo yana rataye a ƙarƙashin wanda aka mayar wa martani, reshe a jikin reshe. Ya san abin da mai shi ya karanta da abin da bai karanta ba, kuma ba ya yar da komai. Maganar da aka yi shekara da shekaru tana nan a inda aka bar ta.

A Tudun Gawo wuri ɗaya sabis yake sauka da kirki, kan wani tudu a bayan makarantar firamare, gindin kuka. 'Yan ƙauyen suna ce wa wurin ofis. Da hantsi in ya karya, Kawu zai rataya jakar laftof, ya bi gefen darnin gidan Liman, ya bi layin gamba, ya hau tudun shi kaɗai. Ba ya daɗewa. Kafin masu waya su gama ɗaga hannu sama suna neman sabis, ɗan aike ya je ya dawo. Sai ya sauko ya zauna a zauren gidansa, ya jona cajin sola, ya fara karatu.

Ranar da na fara zama kusa da shi yana karatun nan, sai na kasa kunne. Muryar ta Bature ce, ba a yi ta don Hausa ba, tana tauna kalmominmu tana zubarwa. Ga shi ya ƙara mata sauri har ni ban tsinci ko kalma ɗaya ba, sai wata ƙara kamar ta injin markaɗe. Shi kuwa yana zaune, kai a karkace, yatsu a kan madannai, yana dariya, yana tsaki, yana cewa, “Kai Alhaji, ji tsoron Allah.” Kunnensa ya koyi Hausar wannan Baturen har ya fi ni saurin karatu, ni da idona biyu da tabarau. Da maɓalli ɗaya yake tsallakawa reshe na gaba, da wani ya koma asalin maganar, da wani ya buɗe wurin amsa. Ya riƙe zauren duka a kansa, ya san wa ya faɗi me, a ƙarƙashin maganar wa. Na zauna baki buɗe har shayina ya huce.

Ba shakka mun yi musu a kan ƙofar da ta fi, ai ni jininsa ce. Na ce masa tasa ƙofar ta mutanen da ce, babu hoto babu launi.

“Ke leƙen zaure kike yi ta taga,” in ji shi. “Ki ga wanda ke tsaye yana ɗaga murya, ki wuce. Ni kuwa zauren ake ɗauko mini dungurungum a kawo gida.”

“To Kawu, in an sa hoton ganye mai ciwo fa?”

“Sai in ce a faɗa mini da baki.”

Haka kuwa yake yi. Wani ya sa hoton tumatirinsa ya ce a taimaka, Kawu ya rubuta, “Ka bar hoto. Daga gefe ganyen ya fara bushewa ko daga tsakiya? Na ƙasa ne ko na sama? Ka juya bayansa ka shafa, ka gaya mini abin da ka ji.” Mutane suka ɗauka tsabar tsaurin tsohon malami ne. Babban abokin karawarsa, Alhaji Mika'ilu, dillalin wake a kasuwar Dawanau, har ya taɓa ce masa rowar data ce ke hana shi buɗe hoto. Kawu ya yi kwana da kwanaki yana jin daɗin wannan zagin.

Ana haka, gab da azumi, sai ga sanarwa. Mai kula da zauren a lokacin wani matashin injiniya ne, Abdulkabir, yaro mai ƙoƙari da ya karɓi aikin don Allah. Ya ce za a koma sabon shafi mai ɗaukar bidiyo da saƙon murya, tsohuwar ƙofa kuma za a rufe ta bayan ƙaramar salla, domin wahalar kula da ita ta yi yawa, kuma da ya duba mutum ɗaya tak ke bi ta nan. Mutane suka yi ta danna masa babban yatsa. Ni kuwa ban danna ba, don na san ko wane ne mutum ɗayan.

Ƙarshen mako na hau mota zuwa Bagwai, na hau acaɓa zuwa ƙauye. Muka hau tudu tare, na buɗe masa sabon shafin a burauza. Wallahi ban taɓa sanin yawan tarkacen da ke kan shafi ba sai da na ji ana karanta shi da murya. Baturen ya fara daga sama: hoto, hoto, maɓalli, maɓalli marar suna, tallar taki, tallar waya. Kafin ya kai ga magana ta farko sabis ya ɗauke, aka koma farko. Da ya kai kuma, saƙonnin a jere suke ɗaya bayan ɗaya, ba ka sanin wa ke amsa wa wa. Sannan aka zo wurin shiga, shafin ya ce sai ya tabbatar shi mutum ne, ya zaɓi hotunan da ke da fitilar danja ta kan titi a ciki. Akwai wai wani gwajin na murya, amma da irin sabis ɗin tudu ko buɗewa bai yi ba.

“Me ya ce?” in ji Kawu, ko da yake ya ji sarai.

Na maimaita masa. Ya yi 'yar dariya ya rufe laftof ɗin.

Raina ya ɓaci ƙwarai, da shafin, da Abdulkabir, da shi kansa Kawun. Na ce ya bari in riƙa karanta masa ta waya ina rubuta masa amsa. Ya ce ni mai tausayi ce, zan tace zagin in ba shi ruwan. Na ce to ya rubuta wa Abdulkabir layi biyu kawai ya faɗi lalurarsa, na tabbata yaron ba zai rufe ƙofar ba.

“Na sani ba zai rufe ba,” ya ce. “Zai bar ta a buɗe saboda makaho. Daga ranar kuma Alhaji Mika'ilu zai fara ce mini haka ne, Malam. To me zan shiga in yi?”

Na ɗauki jakata. Na koma Kano ina faɗa ni kaɗai a mota.

Kawu mutumin da ne. A wurinsu mutum ba ya barin wuri haka kawai. Mai tafiya Makka, mai ƙaura, ko wanda ya ji jikinsa ba daidai ba, yakan bi gida-gida ya yi sallama ya nemi yafiya. Kuma ba a yin ta a dunƙule, kowa ƙofarsa ake zuwa a ambaci abin da ya shiga tsakani. Da ya tabbata zai bar zauren, sai ya yi abin da ya ga iyayensa na yi. Cikin azumi, tsakanin hantsi da azahar, ya riƙa bin tsofaffin rassa ɗaya bayan ɗaya, tun daga shekarunsa na farko. Duk inda ya taɓa gaya wa wani magana mai zafi, sai ya tsaya a ƙarƙashin wannan saƙon ya rubuta, “Wane, a nan na ce maka kaza. Na yi zafi. Ka yafe mini don Allah, ba na jin za mu sake haɗuwa a nan.” Bai aika ko ɗaya ba sai da ya gama. Ranar da ya gama ya hau tudu, ɗan aike ya kwashe su gaba ɗaya ya miƙa.

A tunaninsa kowane saƙo zai je ya kwanta shiru a ƙarƙashin reshensa, mai shi ya gani in Allah ya sa, domin haka abin yake a tasa ƙofar. Ya manta, ko bai taɓa sani ba, cewa a burauza duk batun da aka taɓa sai ya taso sama.

Ina ɗakin malamai na buɗe wayata. Shafi bayan shafi, har inda yatsana ya gaji, babu komai sai tsofaffin batutuwa da suka taso, wasu tun ina makaranta, wasu masu su ma sun rasu. Musu a kan maganin ƙwari, musu a kan ciyawar wuta-wuta, musu a kan takin zamani da na gida, kowanne a ƙarshensa suna ɗaya: Shafi'i, Tudun Gawo, Bagwai. Ka yafe mini. Ki yafe mini. Waɗanda suka rasu ma bai tsallake su ba, ya yi musu addu'a ya nemi magadansu su yafe. Rayuwar mutum guda ce a shimfiɗe a gabana, duk faɗan da ya yi da duk wanda ya koya wa wani abu a cikin faɗan, kuma bai manta da kowa ba. Ni da na san dalili sai da na fita bayan aji na yi kuka.

Waɗanda ba su san dalili ba kuwa abu ɗaya suka fahimta, kamar yadda kowane Bahaushe zai fahimta. Dattijo ya bi mutane yana neman yafiya cikin azumi yana cewa ba za a sake haɗuwa ba, ai ajali ne ya ji. Kafin la'asar zauren ya cika da salati. Wani ya ce a yi masa saukar Alƙur'ani, wani ya ce ya ji an ce yana asibiti, wata ma har ta rubuta Allah ya jiƙansa. Kawu bai san ana yi ba, don tunda ya yi sallama bai sake hawa tudu ba. Ni kuma alkawari ya ɗaure mini baki.

Ranar Asabar na je in gaya masa irin gobarar da ya tayar. Ban gama zama ba muka ji mota ta tsaya a ƙofar gida. Bas ce cike da mutanen da ban taɓa gani ba amma na san sunayensu duka. Alhaji Mika'ilu ne a gaba, ƙaton mutum mai furfura, idanunsa jajur, Abdulkabir na biye da shi. Akwai wata likitar dabbobi daga Zariya, akwai wani mai noman shinkafa daga Kura. Sun yi ta tambaya tun daga Bagwai har aka nuna musu gidan. Inna Kulu ta leƙo ta ga taro, ta dafe ƙirji ta ce, “Malam, me ka yi wa mutane?”

Suka yi sallama suka shiga zaure. Kawu na zaune a kan buzu da faifan gyaɗa a cinya, lafiyarsa lau. Alhaji Mika'ilu ya miƙa masa hannu. Hannun ya tsaya a iska, domin Kawu ya miƙa nasa wani gefen daban. Na ga lokacin da Alhaji ya gane. Ya dubi idanun, ya dubi sandar da ke jingine, ya dubi laftof, sai ya durƙusa ya kamo hannun Kawu da hannu biyu.

“Ni ne Mika'ilu,” ya ce da murya ƙasa-ƙasa.

“Mika'ilu na Dawanau?” in ji Kawu. “Ashe muryarka ta fi rubutunka ladabi.”

Ba wanda ya yi dariya sai ni.

Abdulkabir ya roƙi a nuna masa yadda yake karatu. Kawu ya buɗe, Baturen ya fara zuba, yatsu suka shiga aiki. Cikin ƙiftawar ido ya nemo wani tsohon musu da suka yi da likitar dabbobin a kan kaskar shanu, wanda ita kanta ta manta an yi. Abdulkabir ya zauna a ƙasa yana girgiza kai, hawaye na bin fuskarsa, ya ce, “Baba, wallahi ban sani ba. Muddin ina riƙe da zauren nan ƙofar ba za ta rufu ba.” Kawu ya yi masa godiya ya sa masa albarka. Suka yi azahar tare, suka kama hanya don su sha ruwa a gida. Kowa ya tafi da farin ciki, ni ma haka. Da motar ta tashi na juya na ga fuskar Kawu, sai murnata ta koma ciki.

Abin da ya ji tsoro shi ya faru. Ƙofa ta zauna a buɗe, ya koma hawa tudu, amma labarinsa ya riga ya zagaye zauren. Duk abin da ya rubuta sai addu'a ta biyo baya. Allah ya ƙara lafiya, Baba. Allah ya bar mana kai. Alhaji Mika'ilu, mutumin da ya daɗe yana kiransa malamin takarda, ya koma rubuta, “Maganar Malam ita ce magana.” Ba mugunta ba ce, ƙauna ce tsagwaronta, shi ya sa ba yadda za a yi mutum ya yi faɗa da ita. Kawu ya rage rubutu. Inna Kulu ta gaya mini wani lokaci sai ya rataya jaka ya kai bakin ƙofa, ya tsaya, ya dawo ya mayar da ita kan ƙusa. Na ji haushin mutanen kirkin nan kamar in yi ihu.

Da damina ta matso aka ɗauko batun iri. Wani ya tambaya ko zai iya shuka masarar da ya girbe bara. Kawu ya amsa a taƙaice, ya ce ya zaɓi manyan goyo lafiyayyu ya shuka abinsa, haka iyayenmu suka yi. Addu'o'i suka fara sauka kamar kullum.

A makon ne wata sabuwa ta shigo zauren, Halimatu, ɗalibar kwalejin aikin gona. Ta burauza ta shigo, a waya, kuma kamar kowane mai burauza shafin farko kawai ta gani. Labarin yafiya da bas da hawaye ya daɗe da nutsewa ƙasa. Ita dai ta ga wani Shafi'i ya ba da shawara, ta ga kowa na cewa haka ne, abin ya ba ta haushi. Ta rubuta, “Malam Shafi'i, wannan shawara kuskure ce, kuma za ta iya jawo wa mutum asara. Ba ka ma tambaye shi wace irin masara ya shuka ba. In mai aure ce, wato haɗin iri biyu da kamfani ke sayarwa, 'ya'yanta ba sa yin kamar uwar. Da alama ka daɗe rabonka da gona. Masu cewa haka ne kuma, ku ji tsoron Allah.”

Na ga saƙon ina cikin mota a hanyar ƙauye, don an ba mu hutu. Kafin in sauka a Bagwai Abdulkabir ya goge shi, ya bar sanarwa a wurin cewa an cire wani saƙo saboda rashin ladabi ga dattijo. Na yi tsaki da ƙarfi har wadda ke kusa da ni ta juyo.

Amma da hantsin ranar Kawu ya hau tudu, kuma ɗan aike ya riga ya kwaso saƙon kafin a goge. Abin da ya shiga kwamfutarsa kuwa ba mai iya miƙo hannu daga Kano ya cire shi. Tun daga ƙofar gida na ji Baturen yana magana a hankali, abin da ban taɓa ji ba. Kawu ya rage masa sauri har ni ma ina ganewa. Da alama ka daɗe rabonka da gona. Ya danna, aka sake karantawa. Inna Kulu na tsaye da kwanon fura ta kasa ajiyewa, ta ce mini tun ɗazu yake maimaita abu ɗaya, ko zaginsa aka yi.

“Zagina aka yi,” in ji Kawu. Fuskarsa a jiƙe take sharkaf, bakinsa kuma har kunne. “Sa'adiyya, ke ce? Zo ki ji yarinyar nan. Ko sallama ba ta yi mini ba.”

Na gaya masa an goge saƙon a shafi. Ya miƙe zaune kamar an tsikare shi.

“Wa ya goge? Hau tudu yanzun nan ki kira mini Abdulkabir. Ki ce ya mayar da maganarta inda take, kada kalma ɗaya ta ɓata. Kuma kada wanda ya kuskura ya gaya mata ko ni wane ne.”

Ya jawo laftof kan cinyarsa ya gyara zama. “Ta yi gaskiya, ban tambaye shi ba, wannan kam zan amsa laifina. Amma ta ɗauka kowa a ƙasar nan mai aure yake shukawa? Sai ta gaya mini gona nawa ta taka.”

“Malam, furar fa?” in ji Inna Kulu.

“Rufe ta, Kulu,” ya ce, yatsunsa sun riga sun fara tafiya. “Ana jirana.”